Amsa: idan aka ɗan tunkuɗa tauraron ɗan adam daga da'irarsa

Tambayarka ita ce ko tauraron ɗan adam da ke zagaya duniya a kan da'ira zai faɗo ko ya ɓace idan aka ɗan tunkuɗa shi. Ko ɗaya ba zai faru ba, domin nisansa zai riƙa ƙaruwa yana raguwa sau ɗaya a kowane zagaye, sai hanyarsa ta ɗauki siffar ƙwai.

Sharaɗin yana ga yadda ƙarfin janyowa ke raguwa da nisa. Idan ƙarfin yana raguwa kamar 1/rⁿ, inda r ke nufin nisa daga tsakiyar duniya, n kuma lambar da ke nuna saurin raguwar, zagayen yana ɗorewa ne kawai in n bai kai 3 ba, na duniya kuwa 2 ne. Da na sa n ya zarce 3 a lissafin kwamfuta, ƙaramar tunkuɗa waje ta kori tauraron bai dawo ba.