Ana raɗe-raɗin za a sayi kamfanin waya: in zuba kuɗi ko in karyar da kaya?

TAMBAYA: Malam, salamu alaikum. Ina da shagon waya a babbar kasuwar Garwa, shekara 11 ke nan. Ƙanena da ke aiki a Duwala ya hana ni sakat da maganar wani kamfanin waya da hannun jarinsa ya faɗi warwas. Wai ana raɗe-raɗin wani babban kamfani zai saye shi, in muka zuba kuɗi yanzu za mu kwashi riba. Sefa miliyan 2 yake nema a hannuna. Ga kuma katan 3 na wayoyin kamfanin jibge a shagona, sun ƙi tafiya. In ba shi kuɗin? Kayan kuma in riƙe ko in karyar?
Daga wani mai shago, Garwa

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Na cire sunan kamfanin daga wasiƙarka, domin magana ce ta "an ce", kada a ce daga bakinmu ta fito.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, rabin labarin dai ya ba ka. Mai sayen kamfani yakan biya sama da farashin kasuwa, don masu hannun jari su yarda su saki. A 2011, da Google ya tashi sayen sashen wayoyin Motorola, dala 40 ya taya kowane hannun jari, ƙarin kashi 63 cikin ɗari a kan farashin da aka kwana da shi. Wanda ya saya kafin sanarwar ya dara. Irin wannan garaɓasa ce ke sa ko ƙishin-ƙishin aka ji sai farashi ya zabura.

Ɗaya rabin yana wurin BlackBerry. Ka tuna lokacin da samari ke tambayar juna lambar PIN maimakon lambar waya? A 2008 hannun jarin kamfanin, wanda ke Kanada, ya haura dala 140. Da iPhone da wayoyin Android suka cinye masa kasuwa, sai ya yi ta gangarowa, kuma duk inda ya ɗan tsaya sai an sami mai cewa ai yanzu ya yi araha, mai saye na nan tafe. A Satumban 2013 kamfanin zuba jari na Fairfax ya yi tayin dala 9 kacal kowane hannun jari. Kafin Nuwamba ta yi nisa cinikin ya watse. A Janairun 2015 aka sake baza labarin cewa Samsung na zawarcinsa, farashi ya tashi da kusan kashi 30 a yini ɗaya, kamfanonin biyu suka ƙaryata, washegari ya rikito. Wanda ya ji labarin a makare ya saya a sama, shi aka bari riƙe da igiya babu akuya. Kuma gaskiya, Alhaji, labarin da ya baro Amurka ya biyo ta Duwala har ya iso bakin Binuwai, ya kwana a hanya. A 2016 BlackBerry ya daina ƙera waya da kansa.

Sannan ka tambayi ƙanenka ta ina zai saya. Kasuwar hannun jari ta yankinmu, BVMAC da ke Duwala, kamfanoni kaɗan ne a cikinta, irin su Socapalm da Safacam masu noman kwakwar manja, babu mai ƙera waya ko ɗaya. Ke nan sai ta hannun dillali na ƙasar waje, a canja sefa zuwa dala ko yuro, a cire kuɗin aikawa da la'ada. In kuwa wani shafin intanet ne ya ce a turo masa kuɗi ta waya, wannan cinikin biri a sama ne. Ni dai miliyan 2 daga jarin shago ba zan bayar ba. In zumunci ya matsa, ba shi abin da in ya salwanta ba zai hana ka sarin kaya ba.

Katan ukun nan su suka fi damuna. Ko an sayi kamfanin, ba don kayan shagonka aka saya ba. Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia a kan yuro biliyan 5.44, aka kammala a 2014, a 2015 ya lissafa asarar dala biliyan 7.6 a kansa, wayoyin Lumia da ya gada daga Nokia suka bi ruwa. Akwai wani mai gyaran waya da nake zama a bencinsa a nan Marwa. Ran nan ya jawo mini wata tsohuwar gwangwanin madara cike da gawar wayoyi, ya ce duk gilashi ko batiri kawai suke nema, an daina kawowa. Mai saye ma ya san da haka, shi ya sa yake wuce naka ya ɗauki Tecno ko Itel, waɗanda kayan gyaransu ke kowane lungu.

Ka je wurin masu gyara uku a kasuwarku, ka tambaye su ko gilashi da batirin wannan samfurin suna shigowa, da kuma nawa suke. In suka fara sosa ƙeya, ka karya farashi tun wannan makon, ko da uwar kuɗi kawai za ka fitar. Katan ɗaya ka miƙa wa masu kai kaya kasuwannin ƙauye, sauran biyun ka jera su a gaban teburi, kowace ka haɗa ta da caja da riga kyauta.