Kusu a Ɗaki, Kusu a Rumbu: Amsar Tambayoyin Manoma

Tun da aka fara kwaso amfanin gona, tambayoyin da ke iso mini sun koma kan abu guda: ɓera, ko kusu kamar yadda muka fi cewa a nan Katsina. Haka ake yi kowace shekara. Da damina yana can gona yana kiwonsa. Da an yi girbi, an ɗaure dammuna, an banka wa ciyawa wuta, sai ya biyo hatsin har gida. Ga wasu daga cikin tambayoyin da abin da na sani a kansu.

Wani manomi daga Sandamu ya ce: "Malam, bana na zuba gero dami 40 a rumbu, ga buhun wake shida a ɗaki. Sau uku ina sayen shinkafar ɓera. Suna mutuwa, amma bayan mako biyu kamar ban yi komai ba. Wane magani ne ya fi ƙarfi?"

Malam, ba ƙarfin magani ne ya gaza maka ba. Ƙaramin kusun gida cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne kacal, ya haifi biyar ko shida, wani lokaci fiye, kuma 'ya'yan da sun yi kamar mako shida su ma sun isa haihuwa. Akwai wani ɓeran da ke zirga-zirga tsakanin gona da gida, mai jerin nonuwa a ciki, wanda haihuwa guda kan kai goma ko fiye. To ka kashe ashirin yau, ga abinci a buɗe, ga wurin kwana, ga ƙofa, ai na maƙwabta da na bayan gari ne za su zo su cike gurbin. Hausawa sun riga sun faɗa: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin ka sake kai kuɗinka wurin mai magani, gyara wurin ajiyar.

Fara da rumbun. Share duk abin da ke kewaye da shi har taku uku ko huɗu: ciyawa, tarin kara, harawa, itacen girki, tsofaffin tukwane. Ɓera ba ya son ratsa fili fetal, domin a nan ne mage da mujiya ke samunsa. Reshen bishiya da ya sauko kan rufin a sare shi, kuma kada a bar tsani ko tabarya a jingine da rumbu ko da dare guda. Idan rufewa ce ta ƙasa da ke zaune kan duwatsu, leƙa ƙarƙashinta da tocila, ka yaɓe duk tsagar da ka gani. Idan kuma rumbun kan ƙafafun itace yake, a ɗaga shi ya kai kamu biyu daga ƙasa, kusan mita guda ke nan, sannan a yanko langa-langa a naɗa wa kowace ƙafa kamar mazurari a kife, bakinsa na kallon ƙasa. Ɓera zai hau itacen, ya iso ƙarfen, ya rasa abin kamawa. Maƙerin kasuwar Daura ko ta Mai'adua zai yanka maka su cikin ɗan lokaci, kuma sukan yi shekaru.

Sai ɗakin da ka ajiye waken. Kada buhu ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A jera katako a ɗora su a kai, a bar tazarar da mutum zai iya zagayawa. Bara na shiga wani ɗakin ajiya a wani ƙauye kusa da Zango, mai ɗakin yana rantsuwa bai taɓa ganin kusu a ciki ba. Tun daga bakin ƙofa zarnin fitsari ya doke ni. Muka janye buhun da ke can kusurwa, sai ga sheƙa an haɗa ta da yagaggen buhu da leda da auduga, cikinta 'ya'ya jajaye guda tara ko ido ba su buɗe ba. Gindin buhun ya zama gari da kashi. Mutumin ya daɗe a tsugune bai ce komai ba, domin irin shukarsa ne a buhun. Har yanzu in na tuna fuskarsa sai abin ya taɓa ni. Da akwai hanyar zagayawa a bayan buhunan nan, da tun makon farko ya gani.

Kuma ka yi lissafi da kanka. Babban ɓera kan ci kusan giram 20 a rana. Guda ashirin sun ci giram 400 ke nan, a wata kilo 12. Daga girbi zuwa faɗuwar damina, wata takwas, sun tashi da kusan buhu guda. Abin da suka ɓata da fitsari da kashi da gashi kuwa ya ninka wanda suka ci.

Wani ɗan'uwa daga Mashi ya tambaya ko buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, yana hana ɓera. Buhun nan, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, an yi shi ne don ƙwari: in aka ɗaure shi tam, iska ta ƙare a ciki, ƙwarin wake su mutu ba tare da magani ba. Yana rage ƙanshin da ke jawo ɓera, amma leda ba ta fi ƙarfin haƙorinsa ba, kuma huda guda ta isa ta shigar da iska ta ɓata aikin gaba ɗaya. Saboda haka shi ma a ɗora shi kan katako, a goge jikinsa kada a bar ƙwayar hatsi a maƙale, a riƙa dubawa. Wanda ke da hali, durom na ƙarfe mai murfi ya fi komai, muddin hatsin ya bushe sarai kafin a zuba.

Wata baiwar Allah daga cikin birnin Katsina ta ce: "Ni ba rumbu gare ni ba, kicin ne da ɗakin kwana. Sun cinye mini atamfa a akwati, sun gaigaye wayar firji. Ina da ƙananan yara, ina tsoron guba. Yaya zan yi?"

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma a gida mai yara tarko ya wadatar idan aka iya ɗana shi. Gaigayar da kika gani ba yunwa ba ce kaɗai. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsawo har ya mutu, don haka kullum yana neman abin gogawa, ko waya ko katako ko roba. Wayar firjin nan a kira mai gyara ya sauya ta, domin irin wannan na haddasa gobara.

Ki fara gano hanyarsu. Da dare ki barbaɗa toka ko garin masara siriri a gindin bango da bayan ƙofa, da safe za ki ga sawunsu tamkar an zana. Kashin ma yana ba da labari: idan ƙanana ne kamar tsinken shinkafa, ƙaramin kusu ne, idan sun kai tsawon ƙwayar wake ko fiye, babba ne. Ƙaramin yana shiga ramin da faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, wato duk inda fensir ya shiga shi ma zai shiga. Duba ƙarƙashin ƙofa, inda bututun ruwa ya ratsa bango, rariyar tsakar gida, da bakin silin. Toshewa da tsumma ko kwali wahalar banza ce, kayan sheƙa kika ba shi. A cike da siminti, in an samu a cakuɗa da fasassun kwalabe, a buga wa gindin ƙofa fallen ƙarfe, rariya kuma a sa mata raga mai ƙananan idanu.

Tarko guda a tsakiyar ɗaki ba ya kama komai. Ɓera bango yake bi, gashin bakinsa na shafar gini. Ki sayi biyar ko shida, ki ɗora su a jikin bango, ɓangaren abincin na fuskantar bangon, a bayan firji, bayan buhun shinkafa, ƙarƙashin gado inda hannun yaro ba ya kai. Ƙuli-ƙuli, tunkuza, gutsuren banda ko daddawa duk suna jawo shi, amma a ɗaure abincin da zare don kada ya zare ya tafi. Ƙaramin kusu yana da karambani, daren farko ma yakan faɗa. Babban kuwa yana shakkar duk sabon abu, don haka a bar masa tarkon da abinci ba a ɗana ba kwana biyu ko uku, sai ya saki jiki sannan a ɗana. Duk wannan ba zai yi aiki ba in akwai ƙanzo a tukunya da ragowar tuwo a ƙarƙashin faifai. A wanke kwanuka tun da dare, gari da shinkafa da gyaɗa su koma cikin bokiti mai murfi, shara kuma ta kwana a waje.

Mutane da dama sun tambayi wace guba za su saya. Ba na cewa kada a taɓa amfani da ita, amma a sani iri biyu ce. Akwai mai kisa nan take, irin baƙin garin nan mai warin tafarnuwa. Matsalarta, ɓeran da ya ɗanɗana kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ba zai sake kusantar abincin ba, kuma ba ta da makari idan mutum ya ci. Akwai kuma mai tsinka jini, wadda ke ɗaukar kwana uku zuwa mako kafin ta kashe. Ita ce ta fi tasiri domin ba sa gane abin da ke cin su, kuma asibiti na da makarinta, wato bitamin K1. A saye ta a shagon kayan gona, cikin kwalinta mai lambar NAFDAC, ba ƙullin leda daga mai talla wanda shi kansa bai san abin da ke ciki ba. A zuba ta cikin guntun bututun roba ko tsohuwar tukunya da aka huda aka kife aka danne da dutse, yadda kaza ko akuya ko yaro ba za su kai gare ta ba. Kada a taɓa zuba ta cikin rumbu ko kan buhu.

Ina roƙon ku da babbar murya a kan abubuwa biyu. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi ba maganin ɓeran ɗaki ba ce. Da ta sha damshin iska take fitar da iskar guba, kuma tana iya kashe mutanen da ke barci a ɗakin ko ɗakin da ke manne da shi. Haka fiya-fiya da Sniper, kada a kwaɓa su da abinci a ajiye a tsakar gida. Idan kuwa tsautsayi ya sa yaro ya ci guba, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A ɗauke shi da kwalin maganin zuwa asibiti nan take, ko da yana wasansa, domin mai tsinka jini takan yi kwana ɗaya ko biyu kafin alamarta ta fito.

Wani malamin makaranta daga Dutsin-Ma ya tambaya ko gaskiya ne kashin ɓera na kawo zazzaɓin Lassa, ko kuwa ciwon mutanen kudu ne. Malam, sunan ma daga arewa ya samo asali: garin Lassa da ke Jihar Borno, inda aka fara gano cutar a 1969. Ɓeran nan mai yawan nonuwa da na ambata shi ne ke ɗauke da ita, shi ba ya ciwo, amma yana zubar da ƙwayar cutar a fitsari da kashi. An fi samunta a jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba, kuma ta fi tashi da rani, daidai lokacin da ɓeraye suka tare a gidaje. Ba kowane kusu ke ɗauke da ita ba, sai dai ido ba ya bambancewa. Don haka kada a share kashin ɓera a bushe, ƙurar na shiga hanci. A yayyafa masa ruwan Hypo, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a jira kaɗan sannan a kwashe. Mushen ɓera a ɗauke shi da leda a hannu, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. A daina shanyar gari da barkono da kuɓewa a ƙasa ko gefen titi ana barinsu su kwana. Yaran da ke fita farautar ɓera da gafiya su gasa su ci, a hana su. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, musamman da ciwon maƙogwaro da amai da kasala, a kai shi asibiti da wuri, domin maganin ya fi aiki a kwanakin farko. Hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, na da layin kira kyauta, 6232.

Wani dattijo daga Baure ya ce shi dai mage ya sani, me zai sa ya wahalar da kansa? Baba, ka riƙe mussarka, tana da amfani, ko warinta yana sa su rage sakewa. Amma ba ta shiga tsakanin buhuna, ba ta shiga cikin dami, kuma in ka zuba guba ta ci ɓeran da ya ci, ita ma kana iya rasa ta. Mujiyar da yara ke jifa a kan kuka ita ma ɓera take kwana tana ci, a ƙyale ta. Jaba kuwa, mai dogon baki da wari, ba hatsi ne abincinta ba, kyankyasai da sauran ƙwari take bi, ko da yake in ta shiga kwano dole a zubar da abin da ke ciki. Abin da ya fi damuna da gidan da ɓera ya yi yawa shi ne maciji, domin gamsheƙa abincinta take biyowa har cikin akurki da ƙarƙashin rumbu. Ramin da ka gani a gindin katanga kada a zura masa hannu, a cike shi da tsakuwa a yaɓe. Kuma ka yi wa mai unguwa magana a sa rana guda, kowane gida ya share bayan rumbunsa ya ɗana tarkunansa a dare ɗaya, a kwashe jujin da ke tsakaninku, a maimaita bayan mako uku kafin 'ya'yan da suka rage a sheƙa su isa haihuwa.