Me Ya Sa Wani Gari a Beljiyam Ya Sa Kare a Tambarinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana da ke karatu a ƙasar Beljiyam ya turo mini hoton wani ƙaramin gari mai suna Damme da ya ziyarta, sai na ga tambarin garin garkuwa ce mai ɗauke da kare yana gudu. Abin ya ɗaure mini kai, domin a nan babu mai alfahari da kare. Mene ne asalin wannan tambari, kuma wa yake ba ƙauyukan can irin waɗannan alamomi? Daga wata malamar makaranta, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Damme yana yankin Filandas, wato arewacin Beljiyam, inda ake magana da harshen Holanci, kuma tsakaninsa da birnin Buruj bai kai kilomita 10 ba. Tambarinsa jar garkuwa ce da farar ɗamara ta ratsa tsakiyarta, kuma a kan ɗamarar ne aka zana karen da kika gani.

Tarihin garin ya rataya ne a kan ruwa. A shekarar 1134 wata babbar ambaliyar teku ta tsaga ƙasa, ta buɗe mashigin ruwa da ake kira Zwin, wanda ya kutsa har kusa da Buruj. A inda mashigin ya tsaya aka yi madatsa, mutane suka zauna a gefenta, har a 1180 Filib na Alsas, mai mulkin Filandas a lokacin, ya ba wurin matsayin gari mai cin gashin kansa. Jiragen ruwa suna sauke kaya a nan, musamman kifi da giyar inabi, kafin a wuce da su Buruj. Daga baya yashi da laka suka cike mashigin, ciniki ya ƙaura, garin ya koma kamar ƙauye, amma bai rabu da tambarinsa ba.

Game da karen kuwa, mutanen wurin suna da labarin da suka gada kaka da kakanni. Sun ce akwai lokacin da madatsar ta ɓalle, masu aiki suka yi ta zuba ƙasa ruwa yana cinyewa, wani kare kuma yana ta kewaya wurin yana haushi, har suka ɗauka shaiɗan ne ya zo a siffarsa. Da suka kashe shi suka jefa a ramin, sai ɓarakar ta toshe. Wannan almara ce, kuma a matsayin almara ya kamata a ɗauke ta, amma ina ganin ba abin yarwa ba ce, domin tana nuna abin da ya fi tsorata mutanen da suke kwana da teku a bayan ɗaki. Ya kamata kuma ki sani cewa a wurin masu sarautar Turai na wancan zamani karen farauta dabba ce mai daraja, ana danganta shi da biyayya da tsaro, don haka ba su ga abin kunya ba a zana shi a garkuwa.

Sashe na biyu na tambayarki ya fi faɗi. Al'adar zane a garkuwa ta bunƙasa a ƙarni na 12, lokacin da barade suke shiga yaƙi sanye da sulke da kwalkwali, ana bukatar alamar da za a gane mutum da ita daga nesa. Saboda haka aka kafa ƙa'idar launi: rawaya da fari suna wakiltar zinariya da azurfa, kuma ba a ɗora ja a kan shuɗi ko baƙi a kan kore, sai dai a haɗa mai haske da mai duhu. Baƙin zakin Filandas a kan rawaya, wanda ya fara bayyana a hatimin Filib ɗin nan, misali ne na wannan ƙa'ida.

Ƙauyuka ba ta hanyar yaƙi suka sami nasu ba, ta hanyar hatimi ne. A wancan zamani ƙauyuka da yawa suna da majalisar dattawa masu yin shari'a da shaidar cinikin gonaki, kuma takarda ba ta da ƙarfi sai an danna mata hatiminsu a kan kakin zuma, kamar yadda wasiƙun Sarkin Musulmi a zamanin Daular Usmaniyya suke ɗauke da hatimi domin a san daga inda suka fito. A kan hatimin ƙauye yawanci ana sa alamar gidan sarautar da ke mallakar ƙasar, ko ta gidan ibadar da ke karɓar harajinta, ko surar waliyyin cocin garin. Shi ya sa ƙauyuka biyu masu nisa da juna kan iya samun tambari kusan iri ɗaya, idan ubangida ɗaya suka taɓa yi.

Faransa ta haɗiye yankin a 1795 ta rushe tsohon tsarin sarauta. Bayan 1815, da aka haɗa shi da Holan a ƙarƙashin Sarki Wiliyam na Ɗaya, sai hukuma ta fara ba garuruwa tambari a rubuce, kuma waɗanda suka kawo zane ba tare da sun faɗi launi ba aka ba su shuɗi da ruwan zinariya, launin gidan sarautar. Har yau idan aka ga tambarin ƙauye mai waɗannan launuka biyu kaɗai, sau da yawa wannan ne dalili. Beljiyam ta sami 'yanci a 1830, kuma a 1837 aka fitar da dokar da ta ba garuruwa damar neman a tabbatar musu da tambarinsu.

Babban sauyi na baya-bayan nan ya zo a 1977, lokacin da aka haɗe ƙananan hukumomin ƙasar daga 2,359 zuwa 596. Ƙauyuka irin su Sijsele da Moerkerke yanzu suna cikin ƙaramar hukumar Damme. A Filandas doka ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta mallaki tambari da tuta, kuma tun 1984 akwai majalisar masana da ke duba kowane zane ta ba gwamnati shawara kafin a amince da shi.