Ina son zama mai gyaran magana: wane karatu zan yi bayan digiri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digirin farko a kimiyyar harshe, na kuma kammala bautar ƙasa. Ƙanena yana da in'ina tun yana ƙarami, shi ya sa min sha'awar aikin gyaran magana. An ce min a Amurka sai da digiri na biyu. Shin digirina zai karɓu, kuma shekara nawa karatun ke ɗauka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ƙanenki sauƙi. Wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya ba. A Amurka babu mai samun lasisin wannan aiki sai da digiri na biyu, galibi daga jami'ar da sashen tantancewa na ASHA, ƙungiyar masu gyaran magana da masu auna ji ta Amurka, ya amince da kwas ɗinta. Karatun kan ɗauki shekara biyu, galibi har da zangon bazara, wato ba hutun kirki.

Digirinki zai karɓu, amma da sauran rina a kaba. Wanda bai karanta fannin matsalolin magana da ji a digirin farko ba, sai ya yi darussan share fage: tsarin gaɓoɓin furuci da na ji, yadda yaro ke koyon harshe, ilimin furuci, da gabatarwa kan auna ji. ASHA kuma tana neman shaidar cewa kin yi bayoloji, da fiziks ko kemistiri, da ƙididdiga, da wani darasi na halayyar ɗan Adam ko zamantakewa. Ilimin furuci kin riga kin sha shi, sauran ne za su ci miki lokaci, wani sa'in har shekara guda. Ki ɗora da jarrabawar Ingilishi ta TOEFL ko IELTS, da tantance takardunki na jami'a.

Abin da ɗalibai ba su cika ganewa ba sai sun shiga shi ne, rabin karatun a gaban majinyaci ake yin sa. Dole ki tara awa 400 ƙarƙashin kulawar ƙwararre: 25 kina kallo, 375 ke ce da kanki kike aikin. Bayan digiri sai jarrabawar gwada ƙwarewa da ake kira Praxis, sai kuma aikin sanin makama na aƙalla mako 36, jimillar awa 1,260. Daga nan ne za ki samu shaidar ƙwarewa da ake kira CCC-SLP, da lasisin jihar da kike zaune. Ki lissafa shekara uku zuwa huɗu ke nan.

In'ina ce ta kawo ki, amma kada ki ɗauka a nan aikin ya tsaya. Zan ba ki misalin irin abin da ake gani kullum a asibiti. Dattijo ne ya samu shanyewar ɓarin jiki. An nuna masa buta, ya san buta ce, har yana kwatanta alwala da hannu, amma kalmar ta ƙi fitowa, sai hawaye. Iyali su ɗauka ya zauce, alhali hankalinsa ƙalau, sashen harshe ne a ƙwaƙwalwa ya taɓu. Shi dai wannan dattijo, in an ba shi ruwa sai ya ƙware, amma kunu mai kauri ya wuce lafiya. Duba haɗiyarsa, wani lokaci da hoton da ake ɗauka yana cikin haɗiyar, da faɗa wa masu jinya kaurin abin da za su ba shi, duk aikinki ne, domin abin da ya zarce huhu kan jawo ciwon da ke kisa. Akwai yara masu galahanga, da waɗanda aka yi wa ɗinkin tsagaggen leɓe ko ganɗa, da kurame masu na'urar ji, da malamai da mahaddata da murya ta dishe. Mutane za su riƙa ce miki likitar magana, ki amsa, amma ki sani ba kya rubuta magani.

Shawarata, kafin ki zaɓi makaranta ki fara yanke inda kike son yin aiki, domin lasisi ba ya tsallake iyaka da kansa. A Ingila akwai digiri na biyu na shekara biyu ga masu irin takardarki, sai rajista da HCPC, hukumar da ke kula da irin waɗannan ma'aikatan lafiya a can. A Afirka ta Kudu da Indiya tun daga digirin farko na shekara huɗu ake horarwa. Kusa da gida, Jami'ar Ghana ta fara digiri na biyu a fannin a 2016, Jami'ar Ibadan kuma ta daɗe tana koyar da shi a sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Ko ina kika yi, in a Najeriya za ki zauna sai kin yi rajista da hukumar MRTB, wadda ke kula da masu gashin ƙashi da masu auna ji da masu gyaran magana. Ki tuntuɓe su tun kafin ki biya kuɗin makaranta. Kuɗin Amurka kuwa ba na wasa ba ne, tallafi a wannan kwas ɗin ya yi ƙaranci, kuma yawan zuwa asibiti ba ya barin sararin yin aikin gefe.

Hausarki jari ce, kada ki raina ta. Yawancin gwaje-gwajen da za a koya miki, a kan yara masu jin Ingilishi aka tsara su, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu karin sautin da ke canza ma'anar kalma. Bahaushen yaro da ke musanya f da p a Ingilishi lafiyarsa ƙalau, tasirin harshen uwa ne. Wanda ya kai shekara biyar yana ce wa kare "tare" shi ne ke buƙatar dubawa. Mai ilimin harshe irinki ce za ta raba tsakani.

Kafin ki cike kowane fom, ki nemi izinin zama mako biyu a wani asibitin koyarwa, sashen kunne, hanci da maƙogwaro ko na masu shanyewar jiki, ki ga ko zuciyarki za ta ɗauki yawu da tari da jiran wata uku kafin yaro ya furta kalma ɗaya. Ƙanenki kuma, daga yau ki daina ƙarasa masa magana, ki bar shi ya kai ƙarshe da kansa.