Harsashi mai tsini a Winchester 94

Malam, ka ce kana ɗura wa harsasan .30-30 (lambar girman harsashin ke nan) albarushi da hannunka don farautar barewa a Amurka, kana tambaya ko za ka iya sa kan harsashi mai tsini a Winchester 94 ɗinka don ya ƙara nisa. A'a, kada ka sa. Wannan bindiga mai liba, wato mariƙin da ake ja ƙasa a mayar don shigar da sabon harsashi, tana jera harsasai ne a bututun da ke ƙarƙashin bakinta, hancin kowane ɗaya yana dogare da gindin na gabansa, daidai kan firaimar da ke kunna albarushi. Idan bindiga ta yi naushi baya, tsinin zai iya sokar firaimar, harsasai su tashi a cikin bututun, kuma hannunka na hagu a nan yake riƙe. Shi ya sa aka saba ɗura .30-30 da kai mai faɗin hanci ko mai zagaye, mai nauyin giren 150 ko 170 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne).

In tsinin kake so dole, nemi kan harsashi samfurin FTX na kamfanin Hornady, mai giren 160. Tsininsa roba ce mai laushi, an yi shi ne saboda irin wannan bututu. Amma ka bi awon albarushin da littafinsu ya bayar na wannan kan, ka fara daga mafi ƙarancin awon, kuma ka matse bakin kwanson sosai don kada kan ya nutse ciki. Ni dai na gwada shi kaka biyu na koma wa mai faɗin hanci na 170, domin a dajin da nake shiga da wuya in hango barewa ta wuce yadi 100.