Amsar Baffa Kan Fita da Iyali Bakin Teku a Legas

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya same mu lafiya a nan Kaduna, kuma Hajiya da ƙannenka suna gaishe ka da mai ɗakinka. Ka ce tun da aiki ya mayar da kai Legas kana ganin abokan aikinka suna kwasar matansu da 'ya'yansu ranar Asabar ko Lahadi su tafi shan iska bakin teku, ita ma amarya ta nuna tana so, amma kana jin nauyi, domin ba ka san ko hakan ya dace da tarbiyyar gidanmu ba. Amsata ita ce ka kai ta, amma da tsari, kuma tsarin ne zan tsaya in yi maka bayaninsa.

Fita shan iska ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kai kanka da kana yaro an sha kai ku lambun Gamji ranar Sallah, kuna tsayawa kan tsohuwar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga wadda aka ɗauko daga Zungeru, iyayenku mata na zaune kan tabarma da kulolin abinci. Babu wanda ya taɓa kiran wannan rashin kamun kai. Abin da al'ada take dubawa shi ne da wa aka fita, wa aka sanar, wane lokaci aka dawo, da kuma irin wurin da aka zauna. Mace ta fita da mijinta da rana tsaka, cikin suturarta, ba abin da wani dattijo mai hankali zai yi magana a kai ba ne. Abin da ni zan yi magana a kai shi ne a ɗauko yarinya daga cikin danginta a Tudun Wada, a kai ta bene hawa na uku a garin da ba ta jin yarensa, a rufe ta daga Litinin zuwa Litinin ba ta ganin komai sai bango da waya, sannan a ce wai ana kiyaye al'ada. A gida kulle yana zuwa da tsakar gida, da maƙwabta, da biki da suna. Can kuwa babu ko ɗaya daga cikinsu sai wanda ka nema mata.

Saboda haka nake so fitarku ta farko ta kasance ta zumunci. Hausawa sun daɗe a Legas ƙwarai, tun zamanin fataucin goro da shanu, har dakarun da Gwamna Gulofa ya kafa a 1863 da sunan Hausawa aka san su. Je ka Agege, ko Idi-Araba, ko Obalande, ka yi sallar Juma'a, ka gaisa da limami da dattawan unguwa, ka faɗi ɗan gidan wane ne kai. Ita kuma ka haɗa ta da matan mutanen kirki, domin ranar da haihuwa ko rashin lafiya ta zo, su ne za su riga mu isowa. Haka nan maigidan da kake haya a wurinsa: Yarabawa mutane ne masu ɗaukar gaisuwa da nauyi, namiji ya kwanta, mace ta durƙusa. Ba a ce ka kwanta ba, amma ka rusuna sosai, kada ka fara miƙa wa babba hannu.

To, sai batun tekun kansa. Lokacin da nake zaune a can, Legas tana babban birnin ƙasa kafin a koma Abuja a 1991, Bar Beach kowa ke zuwa, ba a biyan ko sisi. Yanzu an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic, kuma yawancin wuraren da suka rage ta wajen Lekki na kuɗi ne, ana biya a ƙofa, a sake biya in ana son rumfa da kujera. Wuri ɗaya yana da fuska biyu. Da safe za ka tarar da iyalai, da yara masu wasa da yashi, da samari masu ba da hayar doki, da masu sayar da kwakwa suna fasa ta da adda a gabanka. Daga la'asar sakaliya kuwa sai kiɗa ya tashi, kwalabe su fito, shigar mutane ta sauya. Ku tafi da hantsi, ku tashi kafin la'asar ta yi sanyi, ko ba don komai ba don cunkoson motoci, wanda yakan sa mutum ya yi magariba da lisha a kan hanya.

Ina roƙonka da girman Allah kada ka ɗauki teku kamar Kogin Kaduna da kuka yi wanka a gefensa. Igiyar ruwa in ta doki gaɓa ta juya, takan zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum, sai ya ji yana nutsewa alhali yana tsaye, ta biyu kuma ta zo ta same shi bai gyara tsayuwa ba. Doguwar riga da hijabi in suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Ku tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, kada ku juya wa teku baya don ɗaukar hoto, kuma da damina, musamman daga Yuni zuwa Agusta, ku kalla daga nesa. Zafin can ma daban ne da namu, domin gumi ba ya bushewa, ranar kuma tana ƙona fata ko da iska na kaɗawa, don haka ku riƙi ruwan sha da yawa.

Ku tafi da buta da darduma. Ruwan teku mai tsarki ne, ya halatta a yi alwala da shi kamar yadda ya zo a hadisi, sai dai gishirinsa ba daɗi a baki. Tekun yana kudu, alƙibla kuwa gabas ce maso arewa, ke nan in ka tsaya daidai ruwan zai kasance ta hannun damanka ko ɗan bayanka.

Kada kuma ku tsaya ga bakin ruwa kaɗai. Akwai gandun dajin Lekki da aka kafa a 1990, mai birai da doguwar gadar igiya a saman itatuwa, ko da yake ban ba mai juna biyu shawarar hawanta ba. Badagiri ta fi nisa, amma ita na fi so ku gani, saboda gidan bene na 1845 da sarƙoƙin bayi da aka adana, da hanyar yashin da ake bi da su zuwa jirgin ruwa; cikin waɗanda aka bi da su ta irin wannan hanya har da Hausawa da suka ƙare a Bahiya ta ƙasar Barazil. In kun shiga kwalekwale ko jirgin ruwa mai inji, ko zuwa bakin tekun Tarkwa Bay ne ko wani wuri, kada ku zauna sai an ba ku rigar ceto, kuma kada ku yarda da na dare.

Abu ɗaya da na san zai jawo maka surutu a gida shi ne hotuna. Wanda kuka ɗauka ku aiko wa mahaifiyarka da tata mahaifiyar kai tsaye, kada su fara gani a Facebook ta hannun 'yan unguwa. Kafin ku fita kuma ka buga wa ɗayanmu waya ka faɗi inda kuka nufa. Hajiya ta ce za ta ba direban da ke zuwa kasuwar Mile 12 kuka da daddawa da kilishi, sai ka aiko da lambar wanda zai karɓa.

Baffanka, daga Kaduna.