Akori-kurata na shan mai, shin in sauya mata hanyar shaƙar iska?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da akori-kura ƙirar Toyota Hilux mai injin dizal 2.4, da ita nake kai wa masu shaguna kaya. Rabin hanyar da nake bi kwalta ce, rabi kuwa burji ce mai ƙura, da damina kuma akwai inda nake ratsa ruwa. Wani mai sayar da kayan mota ya ce in cire akwatin matatar iska da motar ta zo da shi, in sa buɗaɗɗiyar matata mai siffar mazurari da bututun ƙarfe, wai za ta ƙara mata ƙarfi ta kuma rage shan mai. Kuɗin ya kai kwatankwacin abin da nake kashewa a mai na wata guda. Bakanikena kuma ya ce bututun nan mai hawa gefen gilashi har saman rufi ya fi. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Kada ka sayi buɗaɗɗiyar matatar nan. Bututun da bakanikenka ya ambata kuwa yana iya yi maka amfani, amma ba wajen rage shan mai ba. Bari mu bi ta lissafi tukuna, domin motar nan taka ba ta yawon shan iska ba ce, jari ce, kuma duk abin da za a liƙa mata dole ya biya kuɗin kansa.

Ka ce kuɗin kayan ya kai man wata guda. To, a ce maganar mai sayarwa ta tabbata, shan mai ya ragu da kashi ɗaya cikin ɗari. Sai ka yi wata 100 kafin kuɗinka su dawo, wato sama da shekara takwas. In kashi biyu ne, wata 50. A tsawon wannan lokaci da kuɗin nan suna cikin kaya, sau nawa ka juya su? Wannan ma in ragin ya samu ke nan, ni kuwa ban ga ta inda zai fito ba.

Ga dalili. Injin da cikin silindojinsa ya kai lita 2.4, idan yana juyi 2,000 a minti, yana zuƙar iska lita 2,400 a kowane minti ko da babu tarbo, tunda kowace silinda sau ɗaya take shaƙa a juyi biyu. Naka kuma yana da tarbo, saboda haka abin da yake haɗiya ya wuce haka sosai. Tarbon ne ke matsa iskar ya cusa ta ciki, kwamfutar injin kuma ita ke faɗa masa iyakar matsin da zai kai, ita ce kuma ke auna yawan man da injekta zai fesa gwargwadon yadda ka taka totur. Idan ka faɗaɗa ƙofar shiga, kwamfutar ba ta sauya ra'ayi. Matsin da aka rubuta mata shi za ta nema, ta kai, ta tsaya. Ƙari a kan haka, injin dizal a yawancin tafiyarsa iskar da ke cikinsa ta fi wadda man yake buƙata yawa. Wanda randarsa ke cike, ƙarin tulu ba ya kashe masa wani sabon ƙishi.

Ko a injin fetur ma, inda ake haɗa iska da mai a kan ma'auni na kusan kashi 14.7 zuwa ɗaya a nauyi, labarin bai sauya sosai ba. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka ta gwada motocin fetur da matata a toshe da kuma sabuwa. A motocin zamani masu injekta, toshewar ba ta yi wani tasiri na a zo a gani a kan shan mai ba, saurin ɗaukar gudu ne ya ragu. A tsohuwar mota mai kafireta ce aka ga shan man ya ƙaru. Daga zamanin kafireta ɗin ne maganar "buɗe mata iska ta daina shan mai" ta samo asali, kuma a wancan lokaci tana da gaskiyarta. Motoci sun sauya, maganar ce ta ƙi mutuwa.

Batun ƙarfi fa? Alƙaluman da ake bugawa a jikin kwalin irin waɗannan kaya, a kan totur ɗin da aka take har ƙasa ake auna su, injin yana kuka a ƙololuwar juyinsa. Injinka yana kai ƙarshen ƙarfinsa ne a wajen juyi 3,400, amma ƙarfin jan kaya, wanda shi ne abincinka, yana zuwa tun kafin juyi 2,000. Ka tambayi kanka minti nawa a yini allurar juyin injinka take wuce 3,000 da kaya a baya. Abin da tabbas za ka samu shi ne ƙara. Akwatin da motar ta zo da shi an ƙera shi ne har da nufin kashe sautin zuƙar iska, da zarar an cire shi sai ka ji gurnani da fito idan ka taka. Kunne sai ya gaya wa zuciya cewa mota ta ƙara lafiya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai ma inda buɗaɗɗiyar matata ke rage ƙarfi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage nauyinta da kusan kashi uku cikin ɗari. Akwatin kamfani yana jawo iskarsa ne daga waje. Matatar da aka bari tsirara a ƙarƙashin bonet kuwa, hucin injin da na lagireto take shaƙa, musamman a cunkoso ko kana hawan tudu a hankali da lodi.

Duk wannan asarar kuɗin saye ce kawai. Abin da ya fi damuna ƙura ce, kuma a nan nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau.

Mun ce lita 2,400 a minti. A awa guda lita 144,000 ke nan, ba a ma sa ƙarin da tarbo ke jawowa ba. A hanyar burji, duk wannan iska tana ɗauke da garin yashi, wanda ya fi yawancin ƙarfen cikin injin tauri. Abin da ke tsakanin yashin nan da fiston ɗinka takarda ce guda mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ƙurar da ta tsallake ta, da fukafukan tarbo take fara cin karo, waɗanda ke juyi sama da dubu ɗari a minti, ta riƙa cin bakinsu. Daga nan ta shiga silinda, ta gauraya da baƙin mai, ta zama kamar sanfefa tsakanin ringi da bango. Ba a rana ɗaya ake ganin ɓarnar ba. Sai bayan watanni ka ga mota ta fara shan baƙin mai, hayaƙi na fita, ƙarfi na raguwa, bakanike ya ce sai an sauke inji. Garin neman gira an rasa ido.

Matatar da ke barin iska ta wuce cikin sauƙi, galibi ramukanta ne suka fi faɗi, in ba girmanta aka ƙara ba. Masu saƙar auduga da ake shafa wa mai, irin waɗanda kamfanin K&N ya yi suna da su, man ne ke kama ƙurar. Suna da amfaninsu a motar da ke kan kwalta, kuma ana wanke su a sake amfani da su. Amma suna son kulawa irin ta mai jego. Man ya yi kaɗan, ƙura ta wuce. Ya yi yawa, yana iya tsartuwa a kan na'urar auna iska da ke bayan matata, wadda siririn ƙarfe mai zafi ne a cikinta, ta fara ba kwamfuta labarin ƙarya. Direban da ke sammako da lodi, yaushe ya ga lokacin wanke matata, ya jira ta bushe, ya shafa mai daidai gwargwado?

Idan mai sayarwa ya nace, ka tambaye shi sakamakon gwajin ISO 5011 na matatar, shi ne ma'aunin da ake gwada matatun iskar injina da shi a duniya. Kuma ka iya karanta alƙaluman, domin suna da yaudara. Matatar da ke tare kashi 98 da wadda ke tare 99.5 kamar 'yan uwa suke a ido. Amma ka duba abin da ke wucewa: ta farko kashi biyu, ta biyu rabin kashi ɗaya. Ninki huɗu ke nan na ƙurar da ke shiga injinka.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, matatar takarda tana ƙara iya tacewa ne bayan ta ɗan ɗauki ƙura, saboda ƙurar farko tana toshe manyan ramuka. Don haka al'adar nan ta cire ta kowane mako a buga ta da taya ko a hura ta da iskar kwamfuresa cutarwa ce. Iska mai ƙarfi tana yaga takardar ta inda ido ba ya gani, kuma duk buɗe akwati dama ce ga ƙura ta faɗa ɓangaren da ya kamata ya zauna tsaf. Akwai 'yar na'ura mai araha da ake ɗaurawa a jikin bututun, mai nuna yadda matata ta toshe, idan ta kai ja sai a sauya. Manyan motoci da taraktoci sun daɗe da ita. In da abin da zan ce ka ƙara wa motarka gobe, ita ce.

Yanzu ga bututun bakanikenka, wanda ake kira sinokel. Aikinsa ɗaga bakin shaƙar iska daga kusa da taya zuwa saman rufi. Fa'idarsa biyu ce. Ta farko, ƙurar da tayoyinka na gaba ke tayarwa ba ta kai can sama da yawa, sai matata ta daɗe ba ta toshe ba. In kana yawan bin bayan wasu motoci cikin turnuƙu, akwai kan da ake sa masa mai kama da kwano, wanda ke juya iskar ya watsar da manyan ƙwayoyin yashi kafin su isa matata. Ta biyu ita ce ruwa. Injinka yana matse abin da ke cikin silinda har ninki 15.6, iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Ɗan kaɗan ya isa ya lanƙwasa sandar fiston nan take, mota ta mutu a tsakiyar rafi da kayan mutane a baya.

Sai dai kada bututun ya sa maka girman kai a bakin ruwa. Kamfanin ya ƙayyade zurfin da motar za ta iya ratsawa, a sababbin Hilux santimita 70 ne, ka duba littafin taka ka tabbatar. Sinokel bai kare giyabos da aksul daga shan ruwa ta ramukan numfashinsu ba, bai kare wayoyin lantarki ba, bai kuma hana igiyar ruwa ɗaukar mota ba. Sannan ɗaura shi yana buƙatar huda jikin mota. In ba a shafe bakin hudar da fenti ba tsatsa za ta kama, in kuma ba a liƙe mahaɗan da kyau ba, ka sayi ado ne kawai, ruwa da ƙura za su shiga ta tsakiya. Araha ba ta ado a nan: robar da ba ta jure rana tana tsagewa, tsagar kuma ba lallai ka gan ta ba.

To ya za ka yanke hukunci? Ka ƙirga sau nawa a shekara kake ratsa ruwan da ya kai rabin taya ko ya wuce, da kuma matata nawa kake sauyawa. In ratsa ruwan abu ne na kowace damina, sinokel mai kyau kamar inshora ne: ba ya kawo riba, yana tare babbar asara. Ka auna kuɗinsa da kuɗin sauke inji, ka haɗa da kwanakin da motar za ta yi a gareji kana hayar ta wani, da abokan cinikin da za su koma wurin wanda ya kawo kaya a kan lokaci. Wannan na ƙarshen shi ne wanda 'yan kasuwa suka fi mantawa a lissafi. In kuwa sau ɗaya ne ko biyu a shekara, kuma da hanyar zagaye, ka riƙe kuɗinka ka zagaya.

Kafin a taɓa komai, in motar tana da sauran garanti ka tambayi dilan da ya sayar maka, a rubuce, ko sauyin zai shafe shi. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka, domin a wasu ƙasashe, kamar Ingila, ɓoye irin wannan sauyi yana iya sa su ƙi biya ranar da aka yi hatsari. Ka tuna da ranar sayarwa ma. Mai sayen tsohuwar akori-kura idan ya ɗaga bonet ya ga an yi wa injin kwaskwarima, abin da ke zuwa ransa shi ne an wahalar da ita, sai ya rage tayi.

Saura asalin abin da ya kawo ka, wato shan mai. Ba ka gaya mini lita nawa take sha a kilomita 100 ba, kuma ina zaton ba a taɓa aunawa ba. Ka cika tanki fal, ka rubuta lambar kilomita, ka yi aikinka, ka sake cikawa ka rubuta litar da ta shiga. Ka maimaita sau uku ko huɗu. In ka ga ya haura abin da aka saba, a duba iskar taya, birkin da ke riƙewa, injekta, da tiyon da ke kai iska daga tarbo, domin yoyonsa yana kashe ƙarfi ya ƙara hayaƙi. A duba ƙafar direba kuma. Turjiyar da iska ke yi wa mota a gudun kilomita 110 ta kusa ninka ta gudun 80, balle an tula kaya sun fi rufi tsawo. Da barin inji yana aiki a tsaye ana sauke kaya, a nan man yake tafiya.

Ranar da za a sauya matata ta gaba, ka tsaya a wurin da kanka. A sa ta asali ko wadda ta yi daidai da ita, ka ga robar bakinta ta zauna daram, kilif-kilif ɗin akwatin duk sun kama. Sannan ka sa farin ƙyalle ka shafi cikin bututun da ke bayan matata. In ya fito fari, hanyar iskarka lafiya lau take. In ya fito da ja ko toka-toka, akwai inda ƙura ke shiga, kuma a nemo wurin a toshe shi kafin motar ta sake hawa burji.